Sharar da Injiniya Ya Yi Mana

Ku da kuka cika mini waya da saƙonni kuna cewa na cika raina mutane, ku matso kusa. Abin da ya faru ranar Laraba zan ba ku yau. In kun gama karantawa sai ku faɗa mini ko haka kawai nake yi, ko kuwa dalili aka ba ni.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Najaha, shekarata ashirin da shida, ƴar Matameye ce ni gaba da baya. Ni ke zama gaban keken aikin kwamfuta na mahaifina, Alhaji Manu, a shagonmu na bakin kasuwa. Duk babbar rigar da kuka gani da aiki mai kyau a wuya daga Kance har Tsauni, ba sai kun tambaya ba, ƙarƙashin allurarmu ta bi. Zane ɗari bakwai da ƴan kai Baba ya yi da hannunsa cikin shekara goma sha biyar, ɗigo bayan ɗigo, hancinsa kusan a jikin gilashi. Ba shi da gona, ba shi da mota. Zanukan nan su ne abin da ya tara.

Yanzu idon ya gaji. Likitan Damagaram ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa saura. Shi ya sa Baba ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai damƙa makullin shago a hannun wani, ya koma gida ya huta. Hannun wa kuke tsammani? Nawa, ni da na shekara huɗu ina fama da keken nan? Ina! Inna da Gwaggo Batulu, yayar Baba, sun riga sun gama zaɓensu: Zainulabidin, wanda yake nemana da aure.

Ba wanda ya ce dole, kada in yi musu ƙarya. Amma akwai irin "shawara ce kawai" da ake ba ki safe da yamma, a bakin murhu, a wurin wanke-wanke, har a kan sallaya da zarar an sallame, wadda gara a fito fili a ce dole kowa ya huta.

Bari in kwatanta muku shi. Shekara biyu ya yi a Yamai, ya dawo da jaka a baya, da tabarau wanda ba na magani ba, da wando da ya yi faɗa da idon sawu. Turarensa kan riga shi yin sallama. A wasap sunansa "Injiniya Zain", hotonsa kuma ya riƙe haɓa yana nazari a gaban kwamfuta, wadda shi odinatar yake ce mata. Na ƙara girman hoton na duba, kwamfutar a kashe take. Takardar injiniyancin har yau ba wanda ya gan ta. Ba ya iya jera kalma biyar bai jefa "bon" ko "donk" na Faransanci ba, Gwaggo kuwa da ta ji haka sai ta narke, ta ce ilimi ya ratsa yaron nan.

Sai na ɗan yi muku bayanin aikinmu, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da ya aikata ba. Kekenmu tsoho ne, tun ina firamare Baba ya sayo shi a Kano. Manhajar da ke ba shi umarni ba ta aiki sai a kan wani tsohon tsarin kwamfuta da yanzu ko a gwanjo ba a samu. Shekara uku da suka wuce kuran, wato lantarki, ya zo da ƙarfi ya ƙona tsohuwar kwamfutar, da ƙyar aka ciro zanukan. Ni da na yi koyon kwamfuta a Damagaram na samo mafita: na gina wata kwamfuta a cikin sabuwar da muka saya. Akwai manhajar da ake yin haka da ita, mashin birtuwel ake cewa. Ki kunna ta wajen, ki buɗe taga ɗaya, sai ga tsohuwar a ciki tana aikinta, ita ba ta ma san a cikin wata take ba. Kamar ɗaki ne aka gina a cikin ɗaki. Ita kuma ta cikin, da manhajar keken, da zanukan Baba kaf, a fishiye, wato fayil, guda ɗaya suke kwance, wani ƙato da ya cinye kusan rabin cikin kwamfutar.

Abu ya tafi lafiya, har sai cikin damina da ya fara yi mana tsiya. Ana tsakar tura zane ta wayar da ta haɗa kwamfutar da keken, sai ta cikin ta sandare. Allura ta tsaya cak a tsakiyar wuyan riga, in an sake tayarwa ta ɗora a inda ba nan ba. Shadda uku muka lalata, masu tsada. Haka in na rufe murfin kwamfutar na tafi salla, in na dawo ta wajen ta farka, ta cikin ta ƙi. Baba ya daina cin abinci sosai, ni kuma na daina barci sosai.

Sati uku da suka wuce, ranar wata Litinin da safe, masu manhajar suka fitar da mizajur, wato gyaran da suke turowa lokaci zuwa lokaci. Tare da shi akwai takardar abin da suka gyara. Na zauna na karanta ta tun daga sama har ƙasa, kuma wallahi ba wasiƙar saurayin da ta taɓa yi mini daɗi haka. Mun gyara matsalar da ke sa waya ta katse yayin tura abu mai nauyi. Mun gyara matsalar da ke hana ta cikin farkawa bayan an rufe murfi. Mun gyara baƙin da allo ke yi. Layi sha tara. Mutanen da ban sani ba, ba su san ni ba, sun jera kurakuransu ɗaya bayan ɗaya sun ce namu ne, ga shi mun gyara. Na saka shi, na gwada zane biyu, keken ya zarce ba ko tuntuɓe. Na ce bari in bari ya yini tukuna kafin in yi wa Baba albishir.

Da la'asar sai ga Injiniya, Gwaggo ta turo shi ya duba mana. Ya cire wayar, ya hura bakinta sau biyu, ya mayar. Ya buɗe wata baƙar taga ya buga haruffa da sauri, taga ta ce ba ta gane abin da ya rubuta ba, ya rufe ta da sauri kafin kowa ya karanta. Sannan ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"Bon, Baba, a gwada yanzu."

Aka gwada. Keken da ya riga ya warke tun safe ya ɗinke wuyan riga tas. Baba ya kama hannunsa da hannu biyu yana sa masa albarka. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana cewa ba komai, ƙaramin abu ne.

Da na koma gida da daddare na sami Inna tana tankaɗen gari, na faɗa mata gaskiyar abin da ya faru. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ke dai ba ki son a yabi mutum."

"Inna, ni na gyara tun da safe."

"To sai me? Ba mijinki zai zama ba? Kada in ji kin kunyata shi a gaban babanki. Yau ne na ga mutumin nan ya cinye tuwonsa."

Shi ma na tura masa saƙo na ce mizajur ne na saka da safe, ba hurin bakinsa ba. Ya turo mini fuskar dariya uku da zuciya ɗaya, ya ce: *Ma sheri, naki ai nawa ne.*

Na yi shiru. Ba don biyayya ba, in faɗa muku gaskiya. Girman kai ne. Na ce wanda bai ga aikina na shekara huɗu ba, ba zan zauna ina nuna masa da yatsa ba. Daga ranar kuwa labari ya cika unguwa, Gwaggo ta kai shi gidan suna, ta kai shi gidan biki, har da ƙari, wai injin ya yi hayaƙi yaron ya sa hannu ya tare. Nan maganar makulli ta samo asali.

To, mu dawo ranar Laraba.

Suna muka je Dungu, ƙawata Bushra ta haihu. Na sha atamfata mai ruwan ganye da ɗigon zinariya, ɗinkin riga da siket, ɗauri ya zauna, mayafi ruwan madara, ƙunshi ja a hannu wanda na zauna awa uku ana yi mini. Ina ɗakin mai jego da jaririya a cinyata, muna cin dambu da yajin zogale, waya ta kamo rezo, wato sabis, ta yi ƙara sau biyu a jere. Duka daga Injiniya.

Na farko: *Ma sheri, ina shago. Baba ya ba ni odinatar in ƙara mata gudu kafin Juma'a.*

Na biyu, bayan minti arba'in: *Na gano ciwon. Wani ƙaton fishiye ne, jiga arba'in da biyu. Ba hoto ba, ba bidiyo ba, ko buɗuwa ba ya yi. Na share shi, na zubar da kwandon shara ma. Yanzu tashi take kamar iska. Ki gode mini daga baya.*

Na karanta sau uku. Bushra ta ce lafiya, na miƙa mata ƴarta, na ce in na tsaya yi mata bayani zan iya yin zagi a gaban jaririya. Ko takalmina ban saka daidai ba na fita na tari kabu-kabu. Duk hanyar nan mayafina na bakina ina ciza, ɗaurin da na ɓata rabin awa a kansa ya karkace ya koma gefen kunne.

Na tarar da shagon tsit. Cha'ibu, tsohon telan da ya fi shekara ashirin tare da Baba, yana zaune a kan benci da yankakkun shaddoji goma sha biyu a gefensa, rigunan abokan ango na wani biki da za a yi a Tsauni ranar Asabar. Gwaggo tana bakin ƙofa da kwanon fura da ta kawo wa surukinta. Baba yana tsaye, ya dafa teburi. Injiniya kuwa yana kan kujerata, tabarau ya sauko kan hanci, gumi ya jiƙa bayan rigarsa. A allon akwai saƙo guda: ba a sami ta cikin ba. Yana danna shi yana rufewa, yana sake buɗewa, saƙon na dawowa.

"Yauwa, ga ta nan," in ji Gwaggo. "Zo ki nuna masa inda kike ajiye abubuwanki, kin bi kin hargitsa masa odinatar."

"Najaha," Baba ya ce, "tun azahar keken bai motsa ba. Ina zanukan?"

Na dubi Injiniya. Na ce, "Injiniya ne a kan kujera, Baba. Shi za a tambaya."

Ya gyara tabarau. "Bon, ƙaramar matsala ce. Birus ne."

"Wane irin birus?" na ce. "Yana da suna?"

"Donk, suna da yawa. Ba za ki gane ba."

Ga abin da ban so in rubuta ba, amma na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba. A lokacin ina da magani a hannuna, kuma na yi shiru. So nake ya dahu. So nake gumin nan ya kai har wandon. Na harɗe hannu na jingina da bango ina kallonsa, kuma daɗi nake ji.

Da ya ga birus bai karɓu ba, sai ya juyo da kujerar ya nuna ni da yatsa.

"Gaskiya, Baba, ban so in faɗa ba. Mizajur ɗin da ta saka ne. Irin waɗannan abubuwan ba a saka su haka kawai, sai wanda ya sani. Shi ya yi ta cin odinatar ta ciki har ya cinye komai."

Baba ya ɗan karkata kai. Ido ya gaji, amma kunne na nan garau.

"Wane mizajur?"

"Wanda ta saka don keken ya daina tsayawa."

"Yaushe ta saka shi?"

"Ranar Litinin ɗin nan da safe, kafin in..."

Sai ya ji abin da bakinsa yake faɗa. Ya tsaya, bakin a buɗe.

"Kafin ka zo ka gyara," Baba ya ƙarasa masa a hankali.

Cha'ibu ya yi wani tari da ba na mura ba, ya mai da fuskarsa bango. Gwaggo ta ajiye kwanon fura a ƙasa.

"Najaha," in ji Baba, "me ya faru da zanukana?"

Na ciro waya na karanta masa saƙon, kalma bayan kalma, har da "ki gode mini daga baya". Na ce fishiyen nan da ya share shi ne kwamfutar cikin, shi ne manhajar keken, shi ne zanukan.

"Ai kuskure ne," in ji Gwaggo da sauri. "Ko injin ma yana kuskure."

"Masu injin in sun yi kuskure suna cewa nasu ne, Gwaggo."

Baba ya matso gaban kwamfutar. Ya miƙa hannu ya shafa gilashin allon da tafinsa, daga sama zuwa ƙasa. Sannan ya lalubi benci ya zauna kusa da Cha'ibu, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Sun tafi ke nan? Duka?"

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Nan take daɗin da nake ji ya koma kunya. Na tsaya ina gasa wani sakarai, ashe mahaifina nake gasawa. Na durƙusa na jawo tsohon gwangwanin alewa da muke zuba ragowar zare, na tona ƙasansa na ciro wani ɗan diski a naɗe cikin ƙyalle.

"Ba su tafi ba, Baba. Kafin in saka mizajur na kwafe ta cikin gaba ɗayanta na ajiye a nan. Haka ake yi. Duk wanda ya san aikin haka yake yi."

Na ce wa Injiniya ya tashi mini daga kujera. Ya tashi. Minti hamsin kwafin ya ɗauka, kuma a cikin minti hamsin ɗin ba wanda ya yi magana sai shi, sau ɗaya, da ya ce dama shi ma abin da yake shirin ba da shawara ke nan. Ko Gwaggo ba ta amsa masa ba. Da kwafin ya gama na danna, taga ta buɗe, tsohuwar kwamfutar ta tashi da ɗan kiɗanta kamar ba abin da ya faru. Na buɗe ma'ajiyar zanuka. Ga su nan a jere. Cha'ibu ya ce Allahu akbar, ya fara warware shaddar farko.

Baba ya taso ya tsaya a bayana, ya kawo fuskarsa dab da allon.

"Sauka ƙasa. Can ƙarshe."

Na sauka.

"Karanta mini na ƙarshen."

"Ɗari bakwai da sha huɗu. Mai ganyen dabino, na Alhajin Kance."

"Ba wani a ƙasansa?"

"Babu, Baba. Kwafin na sati uku da suka wuce ne. Ai tun lokacin ba mu yi sabo ba."

Ya miƙe tsaye, ya mayar da hularsa.

"Na yi ɗaya," ya ce. "Kullum in kin tafi gida cin abincin rana sai in zauna. Layi biyu, layi uku, sai idon ya rufe in bari. Kwana goma sha shida. Jiya na gama."

Ya juya wajen da ƙamshin turaren yake.

"Wuyan babbar riga ne, Zainulabidin. Ta ɗaurin aurenka. Na ce wanda ya ceci keken nan, ba zai sa zanen da wani ya taɓa sawa ba."

Injiniya ya sosa ƙeya. "Bon, Baba, ai ba komai, sai a sake..."

"Da wane ido?"

Baba ya sa hannu a aljihun gaba, ya ciro makullin shagon mai igiyar fata, wanda ya ce sai Juma'a. Bai miƙa wa kowa ba. Ya laluba ya ajiye shi a kan teburin keken, kusa da hannuna mai ƙunshi.

"In kin gama rigunan mutane ki rufe. Yaya Batulu, kama ni mu je gida."

Suka fita, Gwaggo ta manta kwanonta. Injiniya ya ɗan tsaya yana gyara igiyar jakarsa, yana jiran in ce wani abu. Na ɗora shaddar farko na danna, keken ya fara aiki, ƙararsa ta cika shagon. Ban ma ga fitarsa ba.

Kuna tsammanin na yi murna. Ni ma haka na zata. Amma allura na tafiya hawaye na zuba, har Cha'ibu ya matsar da shaddar kada in ɗiga mata. Ba don rigar ango ba, wannan ko a jikina. Zanen ƙarshe da idon mahaifina ya yarda ya ba shi, ya ba wanda bai cancanta ba saboda ni na yi shiru, kuma ko sau ɗaya ban gan shi ba.

Riga ta uku na kan keke wayata ta fara ruri a kan teburi. Inna ce. Ta katse, ta sake kira, sannan saƙo ya shigo: *Kawunnan Zainulabidin sun ce gobe da hantsi suna tafe da goro. Me kika yi wa babanki ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa?*